Shugaban kamfani ya sayar da hannun jarinsa: ni ma in sayar ne?

A watan Satumba na 2024 wani ɗan yayana da ke sayar da wayoyi a Agege ya kira ni da daddare, muryarsa a sama. Ya ce, "Kawu, ka ga labarin nan kuwa? Mai Nvidia da kansa ya sayar da hannun jari na dala miliyan 700. Tunda mai abu yana gudu, ni me nake jira?" Yaron nan ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa yana sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhajar waya, irin su Bamboo da Trove da samarinmu na Legas da Ibadan da Fatakwal suka rungumo tun da naira ta fara zamewa. Abin da ya zuba ba wani mai yawa ba ne a wurin masu kuɗi, amma a wurinsa ribar wata da watanni ce.

Na ce masa ya dakata har gari ya waye mu duba takarda. Tun daga ranar na lura tambayar nan tana yawan dawowa a majalisu da zaurukan WhatsApp, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na fahimta a kai.

Tunanin yaron ba shirme ba ne. Duk wanda ya yi zaman kara ya san cewa idan ka ga mai garke yana ta fitar da shanunsa ba lokacin salla ba, ba kuma lokacin da farashi ya yi kyau ba, to sai ka fara tambayar ko akwai ciwo a rugar. Shugaban kamfani ya fi kowa sanin cikin kamfaninsa. Yana ganin odar da ta shigo da wadda aka soke tun kafin ni da kai mu ji a labarai. Saboda haka ne ma doka ta tilasta masa ya bayyana cinikinsa. A Amurka, daraktoci da manyan jami'an kamfani da duk wanda ya mallaki fiye da kashi 10 cikin 100 dole su cike wata takarda da ake kira Fom 4 cikin kwanakin aiki biyu bayan sun saya ko sun sayar. Hukumar SEC ta can tana ajiye takardun a shafinta, kowa yana iya dubawa kyauta. Daga nan 'yan jarida ke ɗauko manyan lambobin da ke tayar wa mutane da hankali.

Matsalar ita ce kanun labari yana kawo adadin kuɗin ne kawai. Da muka duba na Jensen Huang washegari, sai muka ga hannun jari miliyan 6 ya sayar tsakanin Yuni da Satumba, kuma tun a watan Maris ya rattaba hannu a kan tsarin sayarwar. Abin da ya rage a hannunsa ya haura miliyan 800. Wato bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ya mallaka ba. Mai shanu ɗari ne ya sayar da abin da bai kai saniya ɗaya ba. Wannan ba gudu ba ne, cefane ne.

Shi ya sa tambayata ta farko kullum ba "nawa ya sayar" ba ce, "nawa ya bari" ce.

Sai kuma a fahimci yadda ake biyan waɗannan mutane. Albashinsu na tsabar kuɗi ƙaramin kaso ne na abin da suke samu. Mafi yawa da hannun jari ake biyansu. Mutumin da ake biya da buhunan masara, idan zai gina gida ko ya aurar da 'ya ko ya biya haraji, ai dole ya kai masara kasuwa. Ganinsa a kasuwa ba ya nufin ya yanke ƙauna da noma. Kuma duk mai hankali ba ya son dukiyarsa kaf ta kasance a rumbu ɗaya, ko da rumbun nasa ne.

Inda ya fi rikita mutane shi ne abin da zan kira zaɓin saye, wanda a turance suke cewa ofshin. Kamar a ce maigida ya ce wa babban yaron shagonsa, "Na yi maka alƙawari, daga nan zuwa shekara goma, duk ranar da ka ga dama za ka iya sayen buhu dubu goma a wurina a kan farashin yau." Idan farashi ya tashi, yaro ya ci riba. Idan ya faɗi, sai ya ƙyale alƙawarin, bai yi asarar komai ba. Idan kuma shekara goma ta cika bai yi amfani da shi ba, alƙawari ya mutu. Haka kamfanoni ke yi wa shugabanninsu don su dage farashi ya tashi, kuma galibi wa'adin shekara bakwai ne zuwa goma.

Bari mu yi lissafi da ƙananan lambobi. A ce an ba wani manaja zaɓin sayen hannun jari 10,000 a kan dala 10 kowanne. Yau farashi ya kai dala 50, wa'adi kuma ya kusa cika. Zai biya kamfani dala 100,000 ya karɓi kayan da darajarsu ta kai dala 500,000. Hukumar haraji tana kallon bambancin nan na dala 400,000 a matsayin kuɗin shiga. A ce harajinsa kashi 40 ne, wato dala 160,000. Yana buƙatar dala 260,000 ke nan a hannu. Ina zai samo? Sai ya sayar da guda 5,200 daga cikin abin da ya karɓa, ya riƙe 4,800. Gobe sai ka ga labari: manajan kamfani kaza ya sayar da hannun jari na dala 260,000. Gaskiya ne, ba a yi ƙarya ba. Amma mutumin nan ya kwana da hannun jari 4,800 fiye da yadda ya wayi gari da su.

A Fom 4 akwai haruffa da ke bambanta waɗannan abubuwa, kuma wanda ya san huɗu daga cikinsu ya riga ya fi yawancin masu yaɗa labari a waya. M na nufin ya yi amfani da zaɓinsa. S na nufin ya sayar a kasuwa. F na nufin kamfani ne ya riƙe wani kaso don biyan haraji ko kuɗin zaɓin, ba ma a kai kasuwa ba. P kuma na nufin ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya. Idan ka ga M da S a rana ɗaya, sai ka haɗa ka debe ka ga abin da ya saura.

Elon Musk ya ba duniya darasin nan a 2021. A farkon Nuwamba ya tambayi mabiyansa a Twitter ko ya sayar da kashi 10 na hannun jarinsa na Tesla, kusan kashi 58 suka ce ya sayar, shi kuma ya fara sayarwa. Mutane suka ɗauka ƙuri'ar ce ta sa. Amma takardu sun nuna tun a watan Satumba ya tsara wani ɓangare na sayarwar, domin yana da zaɓin sayen hannun jari kusan miliyan 22.8 a kan dala 6.24 kowanne, wanda aka ba shi a 2012 kuma zai mutu a Agustan 2022. A lokacin farashin guda ɗaya ya haura dala 1,000. Wa zai bar wannan ya mutu? Ya sayar da na kusan dala biliyan 16 kafin shekara ta ƙare, shi da kansa ya ce harajinsa na shekarar zai wuce dala biliyan 11, kuma a ƙarshe adadin hannun jarin da ke hannunsa ƙaruwa ya yi.

Na 2022 kam daban ne. A wannan karon babu wani zaɓi da zai mutu. Kayan da ke hannunsa ya riƙa fitarwa, na kusan dala biliyan 23, a shekarar da ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44. A watan Afrilu ya ce ba shi da shirin ƙara sayarwa, sai ga shi ya sake a Agusta, da Nuwamba, da Disamba. Tesla ta faɗi da kusan kashi 65 a shekarar. Ba sayarwarsa kaɗai ta jawo ba, don kuɗin ruwa ya tashi a Amurka kuma kamfanonin fasaha duk sun sha kashi, amma mutum ɗaya ne, kamfani ɗaya ne, ciniki biyu masu ma'ana daban.

To yaushe ne zaɓin saye ke zama alamar da za a kula da ita? Ni a ganina, lokacin da aka yi gaggawa. Wanda saura wata uku wa'adinsa ya cika ba shi da wata dabara illa ya yi amfani da shi. Amma wanda saura shekara biyar, ya tashi yau ya yi amfani da duka, ya sayar da duka bai bar ko ɗaya ba, wannan ya jefar da wani abu mai daraja: damar jira ba tare da ya sa kuɗinsa a haɗari ba. Mutum ba ya jefar da irin wannan dama sai da dalili. Dalilin zai iya zama na gida, zai iya zama kuma ya hango cewa farashi ba zai wuce haka ba.

Akwai abin da ya faru a Equifax, kamfanin da ke tara bayanan bashi na Amurkawa. A ƙarshen Yuli 2017 suka gano an yi musu kutse, an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147, amma ba su sanar ba sai Satumba. 'Yan kwanaki bayan gano kutsen, manyan jami'ai uku suka sayar da hannun jari na kusan dala miliyan 1.8. Duniya ta yi caa a kansu, amma kwamitin binciken kamfanin ya ce ba su san da kutsen ba a lokacin, kuma ba a gurfanar da su ba. Wanda aka kama wani ne na ƙasa da su, Jun Ying, shugaban sashen fasaha na wani reshe. Shi ya gano abin da ke faruwa, ya yi amfani da duk zaɓin da ya nuna a hannunsa, ya sayar gaba ɗaya a kan kusan dala 950,000. Asarar da ya kauce wa wajen dala 117,000 ce kawai. A 2019 aka yanke masa wata huɗu a kurkuku. Kun ga siffar: duka, a lokaci ɗaya, ba bisa al'adarsa ba.

Don a raba tsakanin mai cefane da mai gudu ne hukumar SEC ta kawo wata ƙa'ida a 2000, ana kiranta 10b5-1. Shugaba zai rubuta tun da wuri, a lokacin da ba shi da wani sirri a hannu, cewa a sayar masa da adadi kaza a rana kaza ko idan farashi ya kai kaza, ya miƙa wa dillali, ya cire hannunsa. Idan ka ga an ce ciniki yana ƙarƙashin wannan tsari, to nauyinsa ya ragu. Amma kada ka ɗauka wanki ne. Angelo Mozilo na Countrywide, babban mai ba da bashin gidaje, ya samu kusan dala miliyan 140 daga sayarwa tsakanin ƙarshen 2006 da 2007, duk a ƙarƙashin irin wannan tsari, sai dai ya riƙa kafa sababbi yana ƙara adadi a daidai lokacin da kasuwar gidaje ke ruɓewa. SEC ta maka shi a kotu a 2009, a 2010 aka sasanta a kan dala miliyan 67.5. Sai kuma Greg Becker na bankin Silicon Valley: ya kafa tsarinsa ranar 26 ga Janairu 2023, ya yi amfani da zaɓi ya sayar da na dala miliyan 3.6 ranar 27 ga Fabrairu, banki ya rushe ranar 10 ga Maris. Shi dai ya ce bisa ƙa'ida ya yi. Abin mamaki, a ranar 27 ga Fabrairun ne gyaran ƙa'idar ya fara aiki, wanda ya ce daga yanzu darakta ko babban jami'i sai ya jira aƙalla kwana 90 tsakanin kafa tsari da cinikin farko. Saboda haka idan ka ga an ambaci tsari, nemi ranar da aka kafa shi. Yanzu a jikin takardar ake rubutawa.

Abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin nan shi ne Enron. A ƙarshen Satumba 2001 shugabansa Kenneth Lay yana gaya wa ma'aikata cewa hannun jarin kamfanin ya yi araha, a shekarar da shi kansa ya riƙa mayar wa kamfanin da nasa na kusan dala miliyan 70 don biyan bashi. Da yake kamfanin ya sayar wa, ba kasuwa ba, dokar wancan lokaci ba ta tilasta masa ya bayyana nan take ba. Hannun jarin da ya kai dala 90 a 2000 ya koma ƙasa da dala ɗaya, kamfanin ya durƙushe a Disamba 2001, ma'aikata da yawa suka rasa kuɗin fanshonsu. Bayan wannan ne dokar 2002 ta rage wa'adin bayyanawa zuwa kwana biyu. Idan bakin shugaba yana cewa ku saya, hannunsa kuma yana sayarwa, ni hannun nake bi.

Masu bincike a jami'o'in Amurka sun daɗe suna auna wannan abu, kuma sakamakonsu ya yi daidai da hankali. Lakonishok da Lee a 2001 sun gano cewa sayen da na ciki ke yi ya fi sayarwarsu nuna inda farashi zai dosa, musamman a ƙananan kamfanoni. Cohen da Malloy da Pomorski kuma a 2012 sun raba masu cinikin gida biyu: waɗanda ke yi a wata ɗaya kowace shekara kamar al'ada, da waɗanda ke yi ba zato. Na farko kusan babu abin da cinikinsu ke nunawa. Duk bayanin yana wurin na biyu.

Saye ya fi magana ne saboda dalilansa kaɗan ne. A Fabrairu 2016, lokacin da hannun jarin bankuna ke zubewa, Jamie Dimon na JPMorgan ya sa kusan dala miliyan 26 na aljihunsa ya sayi guda 500,000 a kan dala 53 da ɗoriya. Shi ɗin dai a Oktoba 2023 ya sanar zai sayar da miliyan ɗaya daga cikin miliyan 8.6 da shi da iyalinsa suka mallaka, karo na farko tun da ya hau kujerar. Wasu suka tsorata. Farashin da ke wajen dala 140 a lokacin sanarwar ya wuce dala 200 a 2024. Wanda ya bi shi a saye ya ci, wanda ya bi shi a sayarwa ya yi cizon yatsa. Akwai kuma wata doka a can da ta ce idan na ciki ya saya ya sayar cikin wata shida, ribar ta kamfani ce, don haka wanda ya saya ya san zai zauna da kayan.

Mu dawo gida, don da yawanmu a kasuwar Legas muke da jari, ba a Amurka ba. A nan ma kamfanonin da ke kan NGX suna aika sanarwa idan darakta ko babban jami'i ya yi ciniki, ana saka ta a shafin kasuwar da sunansa da adadi da farashi da rana. Wanda ya mallaki kashi 5 ko fiye dole a bayyana shi. Akwai kuma lokacin rufi, da ake hana na ciki ciniki har sai an fitar da sakamakon kuɗi. Sai dai karatun namu ya ɗan bambanta, domin zaɓin saye bai yi yawa a nan kamar Amurka ba, kuma manyan kamfanoninmu da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da mafi yawansu. Dangote Cement da BUA Foods, fiye da kashi 80 na kowannensu yana hannun mai shi. A irin wannan wuri, idan mai shi ya saki wani kaso, sau da yawa don a samu abin juyawa ne a kasuwa. Haka MTN ta Afirka ta Kudu ta yi a Disamba 2021, ta fitar da hannun jari miliyan 575 na MTN Najeriya a kan naira 169 don 'yan ƙasa su shigo. Ba guduwa take yi ba.

Saye ma a nan sai an yi hattara, don wani sayen na neman kujera ne. A Afrilu 2023 Femi Otedola ya bayyana da fiye da kashi 5 na Transcorp, Tony Elumelu, shugaban hukumar daraktocin kamfanin, ya mayar da martani da saye mai yawa har kasonsa ya kai wajen kashi 25, farashi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, daga baya Otedola ya sayar da nasa ya fita. Wanda ya ga "shugaba yana saye" kawai bai ga rabin labarin ba. Haka kuma tun da Babban Banki ya umarci bankuna a Maris 2024 su ƙara jari, har naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, daraktoci da yawa sun sayi sababbin hannayen jarin da aka ware wa tsofaffin masu jari. Wanda bai saya ba kasonsa raguwa zai yi, to wannan kare matsayi ne kafin ya zama komai.

Dattawanmu da suka sayi hannun jarin bankuna a 2007 ba sa buƙatar a tuna musu. Ma'aunin kasuwa ya haura 66,000 a Maris 2008, bayan shekara ɗaya yana wajen 20,000. A Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, kuma daga cikin zarge-zargen da suka biyo baya har da amfani da kuɗin banki a sayi hannun jarin bankin don a riƙe farashi. Wato akwai sayen da ba da kuɗin mai saye aka yi ba. Shi ya sa harafin P ma nake tambayar aljihun wa ya fito.

Wani zai ce, duk wannan halal ne ma kuwa? Wannan fagen malamai ne, kuma da yawansu suna da magana a kan hannun jarin bankunan ruwa da kuma cinikin zaɓi shi kansa. Wanda abin ya dama, akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da ke tace kamfanoni bisa sharuɗɗan shari'a, daga nan ake farawa. Karanta takardar ciniki dai ba saye ba ne.

Ɗan yayan nawa bai sayar ba a wancan karon. Abin da na sa shi ya yi shi ne ya buɗe takardun sauran manyan kamfanin, ya ga ko mai kula da kuɗi da sauran daraktoci su ma sun fitar da kaso mai tsoka a mako ɗaya, don mutum biyar da suka nufi ƙofa tare sun fi mutum ɗaya ban tsoro. Ya duba ranar da aka kafa tsarin, ya raba abin da aka sayar da abin da aka bari. Duk bai ɗauke shi awa ɗaya ba. A 2025 Huang ya sake kafa wani tsarin na hannun jari miliyan 6, adadi ɗaya da na 2024, yaron ma bai kira ni ba. Ranar da ya kira ni ita ce 27 ga Janairu 2025, da Nvidia ta faɗi da kusan kashi 17 a yini ɗaya saboda wani kamfanin China mai suna DeepSeek ya fito da manhajar da aka ce an gina ta da kuɗi kaɗan. Wannan kam babu Fom 4 ɗin da ya nuna shi.